Kafin Ka Ba da Amsa

Mai Tabarau ya iya gardama, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana jin daɗinta ba. Matarsa ta daɗe da gano cewa ba a gama magana da shi, saboda haka ta sakar masa fili. 'Yarsa kuwa, tun da ta fara aiki a asibiti, ba ta da lokacin ɓatawa. Sai ya zamana duk duniya mutum ɗaya ya rage masa da za su kai ruwa rana a tashi ba wanda ya zagi uban wani. Mutumin nan likitan dabbobi ne a can ɗaya gefen gari, kowa Dakta yake ce masa.

A intanet suka haɗu, tun zamanin da sai ka je kafe ka sayi lokaci ka zauna gaban kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. Akwai wani zauren tattaunawa a lokacin. Mutanen cikinsa ba su da yawa, kuma kusan duk masu dogon rubutu ne. Mutum zai kwana biyu yana shirya amsa, ya zo ya zuba ta, a bi ta layi-layi. Mai Tabarau ne admin, wato mai kula da zauren, kuma doka ɗaya ya kafa ya tsaya a kanta: kafin ka ba mutum amsa, sai ka fara faɗin hujjarsa da bakinka, ka gyara ta tsaf, har shi mai ita ya ce e, abin da nake nufi ke nan. Sannan ka rushe ta in za ka iya. Wasu sun ga abin wahalar da kai ne suka kama gabansu. Dakta ya zauna, kuma cikin shekarun nan babu abin da ba su yi musu a kansa ba, daga haraji zuwa ko ya kamata a riƙa dukan yara a makaranta.

Zauren bai mutu rana ɗaya ba, tsiyayewa ya yi. Wayoyi suka shigo hannun kowa, mutane suka koma inda ake yin magana a layi biyu a samu masu tafi nan take. Daga layi biyu aka koma bidiyo. Dakta ma ya bi, ya buɗe shafi, ya fara da ba da shawara kan rigakafin kaji, ya wayi gari yana faɗin ra'ayinsa kan komai, mabiya suna ta ƙaruwa. Mai Tabarau bai ga laifinsa ba. Yakan shiga tsohon zauren lokaci-lokaci ya goge tallan masu maganin ƙarin ƙiba, ya fita. In gardama ta ciwo shi sai ya kira Dakta a waya, ko da yake kwanan nan kiran ya fara gajarta. Abin yana damunsa fiye da yadda zai yarda ya faɗa, domin ya san in Dakta ya tafi, shi ke nan, ba shi da na biyu.

Shi ya sa ranar da Dakta ya kira shi da kansa, baki har kunne ya ɗauka.

"Mutumina, ka ji hukuma za ta kwashe masu tebur na titinku ta kai su sabuwar kasuwa?"

"Na ji. Kuma zalunci ne."

"Madalla. Ni kuma na ce gyara ne. Akwai wani mai gabatar da shiri kai tsaye, yana neman mutum biyu da za su kara. Na ce masa ina da wanda ya fi kowa iya tsare ni. Za ka zo?"

Mai Tabarau ya ce zai duba, amma tun kafin ya ajiye wayar ya fara jera hujjoji a kansa.

Maganar ta shafe shi. Shagonsa a tsakiyar titin yake, ɗan ƙarami, da allon haruffa a bango da kwalin firam ɗin tabarau a gaban madubi. A bakin ƙofarsa wata dattijuwa take kasa lemo da ayaba, shekara da shekaru, ita take karɓar masa saƙo in ya fita. Gaba da ita akwai mai gyaran takalmi, da mai sayar da caja da murfin waya. Duk sun ji labarin za a yi muhawara, kuma Mai Lemo ta ce masa, "Malam, ka faɗa musu da kyau. Mu bakinmu ba ya kaiwa can."

'Yarsa ce kaɗai ta yi ƙoƙarin taka masa burki. Ta biyo ta shagon da rana tana hanyar zuwa aiki, ta same shi yana ɗaure ƙaramin sukurun wani tabarau yana motsa baki shi kaɗai.

"Baba, in ka je, ka faɗi naka kawai. Gajere. Kada ka tsaya bayani."

"To in ban yi bayani ba me na je yi?"

"Ba irin zaurenku ba ne. Can ba a sauraron mutum har ya kai aya."

"Da Dakta zan yi, ba da 'yan kallo ba."

Ta dube shi kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ɗakin da ake shirin bai kai shagonsa girma ba. An manna soso a bango, an ajiye kujeru uku da fitila mai zagaye wadda ke sa ido ruwa. Mai gabatarwar matashi ne mai fara'a, ya kira shi Baba, ya maƙala masa makirfo a wuyan riga. A gefen kyamara akwai wani allo da saƙonnin masu kallo ke gudu a kai ba tsayawa. Dakta ya yi ƙiba, ya rina gemu, ya rungume shi da gaske.

Dakta ne ya fara, kuma ya yi abin da ya saba yi yanzu: jimla uku masu zafi, ya buga tebur, ya dubi kyamara. Ya ce titi na mota ne, masu tebur sun toshe shi, a kwashe su. Mai Tabarau ya ji kunya ta kama shi a madadin abokinsa, domin ya san hujjar Dakta ta fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka ba shi dama sai ya gyara zama ya yi abin da hannunsa ya saba.

"Bari na fara faɗin abin da Dakta yake nufi, in na yi kuskure ya gyara mini," in ji shi. Sannan ya shiga. Ya ce titin nan shi kaɗai ne hanyar da ta miƙe zuwa asibiti, kuma shi da idonsa ya ga motar ɗaukar marasa lafiya ta maƙale tana jiniya ba inda za ta bi. Ya ce ɓawon lemo da leda suna cika kwata, ruwan sama ɗaya sai ya shiga shaguna, har da nasa. Ya ce yara 'yan makaranta a tsakiyar kwalta suke tafiya saboda tebura sun cinye gefen hanya, kuma wanda ya ce a bar abin haka, to ya shirya amsa tambayar uwar da za a kaɗe wa ɗa. Ya faɗe shi da kyau ƙwarai, fiye da yadda mai maganar ya taɓa faɗa. Ya juya ya ce, "Haka ne, Dakta?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Dakta.

Daga nan ya kawo tasa. Ya ce duk wanda ya tsaya a titin da rana zai ga ba tebura ne suka fi cin hanya ba, motocin da ake ajiyewa layi biyu ne, kuma masu su ba a taɓa cewa za a kai su bayan gari ba. Ya ce sabuwar kasuwar ko bas ba ta zuwa, mai lemo kuwa da mai wucewa take ci, ba wanda zai hau mota don ya sayo ayaba uku. Ya ce a hana ajiye mota, a ja layi da fenti a gefe ɗaya a ba masu tebur, a ɗora musu sharar kwata. Ya daɗe yana magana. Mai gabatarwa ya katse shi da cewa lokaci ya ƙure, aka yi musabaha, ya koma gida yana jin ya yi abin kirki, har ya ci abinci da yawa.

Washegari da ya zo buɗe shago Mai Lemo ta amsa gaisuwarsa sama-sama ba ta ɗago ba. Mai caja ya juya masa baya yana ta gyara kayan da a gyare suke. Bai gane ba sai da 'yarsa ta turo masa bidiyon. Guntu ne, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. An cire farkon, an cire duk amsarsa, an bar shi yana bayanin motar asibiti da kwata da uwar da za a kaɗe wa ɗa, sai Dakta yana cewa ƙwarai kuwa. A sama an rubuta da manyan haruffa cewa mai kare 'yan tebur ya zubar da makamansa. A ƙasa kuwa jama'a sun yi masa ca. Wasu na sa masa albarka don ya bi gaskiya, wasu na cewa an saye shi, wani ma ya rantse ya san nawa aka ba shi. Ya rubuta doguwar amsa a wurin, ta nutse cikin sauran ko mutum ɗaya bai tanka ba.

Ya fita ya sami Mai Lemo ya ce mata yanke maganar aka yi.

"To, Malam. Amma bakinka ne ko ba bakinka ba?"

"Bakina ne. Maganar Dakta nake maimaitawa kafin na ba shi amsa."

"Kai da muka aika ka faɗi tamu, me ya kai ka faɗin tasa?" Ta ci gaba da jera lemonta.

Wannan bai yi masa zafi sosai ba. Maƙwabta ne, za a huce. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a shafin Dakta ya ga guntun, Dakta da kansa ya ɗora, har da ɗan hoton dariya a ƙasa. Ya rufe shagon da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya hau bas.

Ya sami Dakta yana yi wa wata mage allura, mai ita tana riƙe da ƙafafunta. Ɗakin na warin magani da gashin kare, kuma a lungu, kusa da firjin rigakafi, akwai irin fitilar nan mai zagaye a kan sanda. Da matar ta fita Dakta ya wanke hannu ya tarbe shi da murna, ko alamar jin nauyi babu.

"Ka ga yadda muka tashi gari? Ban taɓa samun masu kallo haka ba."

"Ka san ba abin da na ce ke nan ba."

"Haba, na sani mana. Kowa ya san yanka ake yi. Yaran mai shirin ne suka yanka, ni turawa kawai na yi."

"To ka fito ka faɗa."

Dakta ya yi dariya ya jawo masa kujera. "In na fito na ce a yi haƙuri, mutanena za su cinye ni ɗanye, kai kuma ba abin da zai ƙare ka da shi. Ba haka ake yi ba. Tsaya ka gani." Ya lalubo wayarsa ya nuno masa wani guntun, inda shi Dakta ya yi tuntuɓen harshe ya rasa abin cewa yana ta e to, e to. "Wannan na sa an yanko maka. Ka ɗora, ka rubuta cewa Dakta ya sha kashi. Naka su yi murna, nawa su fusata, sati mai zuwa mu koma zagaye na biyu. Wa zan yi wa haka in ba kai ba?"

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma Mai Tabarau ya ga hakan. Kyauta ce ake ba shi. Ya ji fushin da ya taho da shi ya sace, wani abu mai kama da tsoro ya maye gurbinsa.

"Bar wannan," ya ce. "Maganar motoci fa? Me ka ce a kanta?"

"Waɗanne motoci?"

"Amsar da na ba ka. Motocin da ake ajiyewa layi biyu, da layin fenti."

Dakta ya ɗan sosa gemu. "Wallahi lokacin ina duba saƙonnin da ke shigowa, ka san sai kana bi kana ganin inda jama'a suka karkata. Faɗa mini yanzu, ina jin ka."

Sai ya fara faɗa masa, a hankali, tun daga motocin. Ya kai kan bas ɗin da ba ta zuwa sabuwar kasuwa ke nan wayar ta yi ƙara a kan tebur, idon Dakta ya sauka a kanta, babban yatsansa ya bi. Mai Tabarau ya ci gaba kaɗan, sannan ya yi shiru a tsakiyar jimla, da gangan, ya jira a ce masa ina jin ka, ko a ce ƙarya ne, ko ma a zage shi.

"Haka ne," in ji Dakta, bai ɗago ba. "Haka ne, mutumina. Gaskiyarka."

Tun da suka san juna bai taɓa ba shi gaskiya da arha haka ba. Mai Tabarau ya zauna ya dube shi, yana jin baƙin ciki sosai, irin na wanda ya zo gaisuwa ya tarar an tashi daga gidan. Wani mutum ya leƙo da kare a igiya yana tambaya ko likita na nan, sai Mai Tabarau ya miƙe ya ba mutumin kujerar.