Rumfar Dona Graciete

A Porto ta ƙasar Fotugal, da zarar Oktoba ya kama sai rana ta fara yi mana rowa. Da safe hazo ya taso daga kogi ya lulluɓe gada, da rana iskar teku ta koro ruwa, ganyayen bishiyoyi su yi ja su zube su manne a kan duwatsun titi. Shekara goma sha tara ina sayar da burodi da kofi a layinmu, kuma duk kaka ina da kallo kyauta a ƙofar shagona.

Daga hagu akwai Senhor Abílio, tsoho mai gyaran laima. Daga dama, a bakin titi, Dona Graciete ce da kekenta na gasa kastanya, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo da muke ci da zafinsu idan sanyi ya shigo. Shi ruwa yake so, ita kuwa sanyi busasshe. Kullum sai sun yi faɗa a kan sama.

"Ga hadari can, Graciete! Yau zan ci nama."

"Allah ya kora shi Sifen, tsohon banza. Kai kaɗai ne a garin nan kake murna idan mutane sun jiƙe."

Wata Talata hadarin ya zo da gaske. Iska ta shigo layin da ƙarfi, ta ɗaga rumfar ledar Dona Graciete, ta yi sama da ita, har yau ba mu san inda ta sauka ba. Ruwa ya kashe gawayin nan take. Na ja ta cikin shagona tana ɗigar ruwa, na ba ta kofi. Ba ta yi kuka ba, sai kallon kekenta take yi ruwa yana dukansa.

Senhor Abílio ya leƙo, ya kalle ta, ya koma shagonsa. Kwana biyu ƙofarsa a rufe, sai ƙarar keken ɗinki muke ji.

Ran Juma'a da safe ya fito yana jan wani abu kamar tantin biki. Ashe tsofaffin laimomin da masu su suka manta da su shekara da shekaru ya farke, ya haɗa ƙyallayen ya ɗinke. Ga baƙi, ga ja, ga mai furanni, har da na yara mai hoton agwagwa. Ya ɗaura shi a kan keken da ƙarafa huɗu.

Dona Graciete ta zagaya rumfar sau biyu.

"Wannan ai muni ne ya yi muni," in ji ta.

"To cire mana."

"Wa ya ce zan cire? Matsa, ka tare mini hanya."

Ruwa bai ɗiga ko ɗaya ba. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna fakewa suna dariya, wanda ya fake kuwa ƙamshi ba ya barinsa ya tafi hannu rabbana.

Da Nuwamba ya kusa raba tsakiya, sai 'yan kwanakin ranar nan da muke samu lokacin bikin São Martinho suka zo. Sama ta washe, mutane suka tuɓe rigunan sanyi. Senhor Abílio ya rasa aiki, ya zauna yana hamma. Dona Graciete ta miƙa masa wuƙa da kwandon kastanya.

"Tsaga mini waɗannan. Kuma ran Lahadi ƙanwata tana girki a Gaia, tsallaken gada, kujera ɗaya ba kowa."

"Gayyata ce wannan?"

"Kujera ce na ce maka."

Ran Lahadi ya fito ya aske gemu, sanye da kwat ɗin da maɓallinsa ya ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Dona Graciete ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta gyara masa wuya. Suka gangara wajen gada a hankali, saboda gwiwarsa.

Ni aka bar wa keken. Kaskon farko na ƙona shi ƙurmus, na biyu kuwa ya ɗan ciwu.