Kwana Ukun Tessa

Dewey Caudill yana kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin motarsa, sai ya ji an buɗe ƙofar gida a bayansa. Bai waiwaya ba. Ya san matarsa ce, Rhonda, ya kuma san abin da ya fito da ita.

"An rufe makaranta fa, Dewey. Ko ba ka ji rediyo ba?"

"An rufe wa malamai da yara. Ni ba a rufe min ba."

"To dubi titin nan. Dube shi da kyau. Karen maƙwabta ma da ya fito ɗazu, da gindi ya koma gida."

Ya ɗaga kai ya duba. Tun asuba ake ruwa, irin wanda yana taɓa ƙasa yake daskarewa. Titin da ya gangara daga gidansu yana ƙyalli kamar an shimfiɗa masa gilashi, rassan itatuwa sun sunkuya, wayoyin lantarki sun yi nauyi sun rankwafo. Ya mayar da idonsa kan motar, ya ci gaba da kankara.

Dokar hukumar makarantun gundumar ba ɓoyayyiya ba ce. Ranar da aka rufe makaranta saboda yanayi, malamai su yi zamansu a gida, albashinsu bai ragu ba. Masu dafa abinci, irin su Rhonda, da direbobin bas, babu aiki babu biya. Su kuwa masu shara da kula da gini, irin su Dewey, dole su je su duba injin ɗumama da bututun ruwa. Wanda bai goga katinsa a na'urar ofis kafin ƙarfe goma ba, a cire masa kwana ɗaya daga hutunsa.

Kwana uku suka rage masa, kuma ba nasa ba ne. Na 'yarsa Tessa ne. Jibi Alhamis za a yi wa yarinyar aikin ƙashin baya a asibitin birnin Lexington, a sallame ta ranar Litinin. Alhamis, Juma'a, Litinin. Tun kaka yake tattalinsu. Ya je aiki da zazzaɓi, ya ƙi zuwa jana'izar kawunsa, duk don kada ɗaya ya taɓu. Rhonda ba ta tuƙi a babban titi, shi zai kai su, shi zai dawo da su. Hutun da babu biya kuwa sai an nema tun makonni kafin ranar.

Ya shiga motar ya tayar, ya kira Mista Pruitt na ofishin gunduma, wanda ke kula da su.

"Yallaɓai, Caudill ne. Hanyarmu ba ta biyuwa. Na ce ko an sassauta yau?"

Ta cikin wayar yana jin talabijin da dariyar yara.

"Na sani, Dewey, na sani. Ni ma sama nake jira. Amma har yanzu ba a ce komai ba, doka tana nan yadda take. Idan ba za ka iya ba, ai sai ka ɗauki hutu. Amfaninsa ke nan."

"Yallaɓai, hutun na yarinyata ne."

"Allah ya ba ta lafiya. Ka dai bi a hankali."

Da ya ajiye wayar sai ya ga Tessa a taga, cikin rigar roba mai taurin nan da likita ya sa mata, wadda ta hana ta sunkuyawa. Shekararta goma sha biyu, amma tsayuwarta ta soja ce, ba da son ranta ba. Ta ɗaga masa yatsu uku. Shi ma ya ɗaga mata uku, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

Rhonda ta zo ta miƙo masa kofi ta taga. "Idan ka kashe kanka, wa zai kai ta?"

"Idan na zauna, wa zai ɗauko ta?"

Ta buga saman motar sau biyu da tafin hannu, ta koma ciki.

Ya gangara a giyar farko, ƙafarsa nesa da birki, tayoyin dama a kan ciyawar gefen titi inda akwai ɗan kamu. Buhunan yashi biyu da ya ɗora a baya suna taimakawa. Ya wuce coci, ya wuce shagon mai da ke rufe. Babu mota ko ɗaya a hanya, sai wata da aka bari a karkace, fitilunta suna ƙiftawa. Hannuwansa suka jiƙe da gumi a cikin safar hannu. Yana ta magana da motar ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin doki.

"Yauwa, tsohuwa. Haka nan. Saura kaɗan."

A kwanar da ke kafin gada ne ta ƙi ji. Ba da gudu ba, ba da ƙara ba. Ya murza sitiyari, ita kuwa ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama, a hankali, har ya sami lokacin cewa "A'a, a'a, don Allah" sau uku. Gindinta ya juyo gaba. Sannan tayar dama ta faɗa ramin gefen titi, wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashi, kofin ya kife a cinyarsa.

Ya motsa wuya, ya motsa ƙafafu. Lafiya lau. Ya sa giyar baya, tayoyi suka yi ta juyi a banza. Ya fito ta ƙofar da ta kalli sama, ya leƙa ƙarƙashi, bai iya ganin abin da ya karye ba. Ko ƙarfe ne, ko ƙanƙara ce kawai.

Ya duba agogo. Tara ta wuce. Makarantar tana bayan tudu, tsallaken gada.

Ya zauna a bakin ramin, ya cire takalma, ya zare safar ulu da Rhonda ta saƙa masa, ya mayar da takalman a kan ƙafa tsirara, sannan ya ja safar ta saman takalman. Haka mahaifinsa yake yi in zai je ramin kwal a irin wannan rana. Ulu yana kama ƙanƙara. Ya taɓa aljihun ƙirji, katin yana nan. Ya kama hanya.

A kan gada iska ta kusa ɗauke shi, sai da ya bi ƙarfen gefe hannu bayan hannu. A hawan tudu ya faɗi sau ɗaya, gwiwarsa ta bugu, ya tashi. Bai sake duba agogo ba, don ya san dubawar ba za ta ƙara masa sauri ba. Abin da yake gani a ransa kawai shi ne safiyar Litinin: Tessa a keken asibiti a bakin ƙofa, tana leƙen kowace mota, shi kuwa yana nan yana goge barandar aji huɗu.

Ƙofar bayan makarantar a buɗe take. Lonnie, tsohon abokin aikinsa da gidansa ke jikin katangar makarantar, yana zaune kan bokiti a kife kusa da injin ɗumama, yana cin biskit. Ya dubi Dewey daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan safar.

"Kai! Wace ƙasa ce ta aiko mana jakada? Sabon yayi ne?"

"Matsa, tsoho. Wuta tana nan?"

"Tana zuwa tana tafiya, kamar surukata. Ruga, kafin ta sake fita."

Dewey ya ruga da ɗingishi. Fitilun baranda suka yi ƙasa, suka dawo. Yatsunsa sun ƙage, katin ya suɓuce ya faɗi, ya ɗauka, ya goga. Na'urar ta yi ja. Ya share katin a rigarsa, ya hura masa iska, ya sake gogawa a hankali. Ta yi kore, ta yi ɗan kukanta, sunansa ya fito. Goma ba ta cika ba.

Ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa. Sai a lokacin ya ji ƙafafunsa suna zafi kamar an zuba musu barkono.

Lonnie ya iso yana jan ƙafa, ya miƙa masa sauran biskit ɗin. "Ina ka ajiye tsohuwar taka? Ban ji kukanta ba."

Kafin ya amsa, wayoyinsu biyu suka yi ƙara tare. Lonnie ya zaro tasa, ya nesanta ta da fuska, ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma.

"Saboda jiha ta ayyana halin gaggawa, kada wani ma'aikaci ya fito yau. Masu kula da gini za a biya su cikakke, ba za a taɓa hutun kowa ba. Masu dafa abinci da direbobi, za a sanar da su daga baya." Ya sauke wayar. "Ka ji. Sun farka. An sha kofi, an yi wanka, an tuna da mu."

Dewey yana kallon ɗan koren hasken na'urar.

Wayarsa ta sake ƙara. Muryar Tessa ce ta fara shigowa.

"Baba! Mama ta ce an yafe! Kwana ukuna suna nan?"

"Suna nan cif, uwata."

"Na haɗa jakata. Na ware filo biyu na kujerar baya, yadda likita ya ce. Kada ka manta ka fitar da yashin nan naka, ba zan kwanta a kan yashi ba."

"Zan fitar."

Aka yi ɗan kokawa da wayar, sai muryar Rhonda. Ta saurari numfashinsa kaɗan. Shekara ashirin da aure ba wasa ba ce.

"Dewey. Ina motar?"

"Tana wajen gada."

"A kan gadar, ko a ƙarƙashinta?"

"A gefe. Cikin rami."

Ya ji ta rufe wata ƙofa, don kada yarinyar ta ji.

"Kai fa?"

"Ƙalau nake."

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba, Rhonda."

"To," in ji ta. Sai ta sake cewa, "To." Ta kashe.

Lonnie ya ji komai. Ya sosa gemu. "Masu janwe ba za su zo maka ba sai Juma'a, in ma sun zo. Rabin gundumar nan yana cikin rami yau. Tawa motar kuwa ka sani, tun bazara ta lalace, tana kan duwatsu." Ya dubi ƙarshen baranda, wajen rumbun da ake ajiye ƙaramar taraktar share fili. "Taraktar nan tana da sarƙa a tayoyi, za ta janyo motarka. Akwai gishiri buhu-buhu."

"Kayan makaranta ba sa fita daga harabar makaranta. Ka manta abin da aka yi wa abokin aikinmu Gene a kan fita da tsani kawai?"

"Ban manta ba. Amma ka ji saƙon da kunnenka. An ce kada kowa ya zo. Ke nan yau babu kowa a nan. Ni ina gida ina barci, kai ma haka."

Dewey ya nuna na'urar da haɓa. "Ita ta san na zo."

"Ita wa za ta gaya wa kafin Litinin?"

Dewey ya dubi na'urar. Duk safiyar nan ya sayar da ransa don na'urar ta shaida yana nan. Ga shi ta shaida.

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango. Safar hagu ta zame ta tattare a dunduniya, ta huje a wajen babban yatsa. Ya sunkuya ya ja ta, ya daidaita ta a kan takalmin.

"Ina makullin rumbun?" ya ce.