Goran Rayyan Ya Yi Shiru

…to in ba haka ba, me zai hana lambar motsi? Ta sake dangwala yatsa a fuskar wayar. Ɗan zoben nan ya juya, ya juya, ya tsaya. Lambar ɗazu ce. Ta tun azahar.

Shatu tana zaune dirshan a tsakiyar ɗakinta a unguwar Mansur ta Makka, ƙullun masar gobe yana gefe a buɗe, ƙudaje sun samu biki. Ko kallonsu ba ta yi. Matar da ke iya tsayar da ciniki don ta kori ƙuda ɗaya!

Gora ne ya yi shiru. Goran yaron. Shi yana da sunan da yake kiransa da Larabci, da wani na Turanci da harshenta ya ƙi ɗauka, amma ranar da ya nuna mata hoton — ƙaton tulun ƙarfe ruwan ɗorawa, da 'yar hasumiya a ka, ɗaure da sarƙa a tsakiyar ruwa — cewa ta yi ai wannan gora ne, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai. Yana auna iska, yana auna tsayin igiyar ruwa, yana aiko wa mutanen tudu labari don jirage su san ranar fita da ranar zama. Aikin ɗanta ke nan, can tafkin Sufiriya, tsakanin Amurka da Kanada. Su kai goruna in ƙanƙara ta narke, su kwaso su kafin ruwan ya sake daskarewa.

Jiya ya turo murya, da Hausarsa ta 'yan Makka mai ɗingishi. "Ummi, bukra, gobe ke nan, za mu fita ɗauko na ƙarshe. Akwai hadari a hanya, bas za mu riga shi, in sha Allah. Babu shabaka a can, waya ba ta shiga, kar ki damu."

Za mu riga shi. Ji yaro don Allah. Wa ya taɓa yin tsere da hadari a kan ruwa ya dawo yana ba da labari?

Ba ta karatun boko, amma lambar igiyar ruwa ta san ta. Zuwansa na azumi ya zana mata da biro a jikin bango, kusa da ƙofa. Ɗaya, iya ƙugunta. Biyu, saman ƙofa. Uku, silin. Ta ce in ta wuce uku fa? Ya yi dariya ya nuna sama, ya ce sai ki tambayi Khala Maimuna ta saman bene, ya shiga ɗakinta ke nan. Yau tun asuba lambar take hawa. Ta wuce ƙofa. Ta fasa silin. Ta shiga ɗakin Maimuna, ta cinye gadonta, ta cinye fankarta… shida. Ruwa mai tsayin ɗakinta da na Maimuna a haɗe. Daga nan kuma shiru.

Ai ya taɓa faɗa. In sun ɗora goran a jirgi sukan kashe shi. To sun ɗora ke nan. Sun ɗora, sun kashe, suna hanyar gida, yana can yana shan shayi da hular nan tasa mai kunnuwa. Alhamdulillahi.

— A cikin wannan ruwan? Wane hannu ne zai kama sarƙa jirgi yana tashi sama da bene?

To sarƙar ce ta tsinke. Ko igiyar ruwa ta karya hasumiyar. Gora ya mutu shi kaɗai, su ba su ma isa wurin ba, sun juya… Sun juya ina? In abin da aka ƙera don hadari, ƙarfe, mara huhu, mara uwa, in shi bai jure ba —

A'a. A'uzu billahi. Ta sake dangwala.

Baba yana tsaye bakin tafkin Chadi yana shaƙar iska, hancinsa sama kamar rago. Ita tana 'yar mitsitsiya, tana riƙe da bakin rigarsa. Rana tsaka ce, sai gabas ta yi baƙi. Yaya Sabi'u yana can nesa a kan goransa, ya je duba ƙugiyoyi, kansa kawai ake hangowa. Ruwan da ɗazu yake kwance lumui ya miƙe tsaye. Ba irin na teku ba ne, gajeru ne, a jere, wannan bai sauka ba wancan ya hau. Yaron ma haka ya ce mata, yana ta bayani da hannu, wai teku tana ba ka damar numfashi tsakanin igiya da igiya, tafki ba ya bayarwa. Ta ce to, kamar yau ta fara ji. Ita za a gaya wa?

Washegari gora ya dawo. Shi kaɗai, cikin ciyawa, ko ƙwarzane babu. Gora ai ba ya nutsewa.

Baba ya sayar da taru, ya juya wa ruwa baya. Gabas, gabas, gonakin audugar Sudan, Bahar Maliya da ido a rufe, har ƙasar da babu kogi ko ɗaya a cikinta. Nan ya ce su zauna. Duwatsu tsirara, ruwa sai an kira mota. An gudu ba a tsira ba! Yaron tun yana rarrafe in an neme shi an rasa, a duba bayan motar ruwa, yana nan yana jefa murfin kwalba a kwata yana kallon yadda take tafiya. Wa ya koya masa? Ita dai ba ta taɓa ba shi labarin Chadi ba. Jini ne. Jini ba ya jin gargaɗi.

Yaron. Yaron nan. Wancan.

Rayyan ne sunansa, ubansa marigayi Dawuda ya zaɓa masa, ƙofar Aljanna ta masu azumi. Shatu kuwa ba ta taɓa furta shi ba, ko sau ɗaya, don ɗan fari ne, kuma ita 'yar mutunci ce, haka ta ga Inna ta yi, haka Inna ta ga tata uwar ta yi. Ba ka kiran ɗan fari. Ba ka yabonsa. Ba ka tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Maƙwabta Larabawa har tsegumi suka yi, wai ko ɗan riƙo ne. Su da ke lashe 'ya'yansu a titi, habibi, habibi, sai ka ce alewa.

Yana ɗan firamare ya tsaya a ƙofar kicin da jakarsa. "Ummi, ke ba ki san sunana ba ne?"

Ta ce tafi can, ka tsare min haske.

Ya tafi. Har ya kai inda rana ke faɗuwa bayan tata ta daɗe da kwana.

Shi ya sa gora ya yi mata rana. In ya kira, sai ta ce, "Ya gora?" Shi kuma ɗan banza, ya gano ta tun tuni. "Gora lafiya, Ummi. Ya ci abinci. Yana saka rigar sanyi." Ta ce madalla, a gaya masa ya riƙa azkar. Duk soyayyar da ta ƙi fita ta baki, ta wannan tulun ƙarfen take bi. Yanzu an toshe hanyar, abin ya taru a ƙirji, ya rasa inda zai nufa. Tsoro take ji. Tsoro tsagwaronsa.

Ta hau wajen Maimuna? Maimuna ta san masu Turanci, a nemo lambar wurin aikin. Ta je ta ce me? A duba min gora? Maimuna za ta kama haɓa, yau kuma Hajja Shatu ce ke neman ɗan fari, lallai za a yi ruwa. Kuma ko an kira, su ma na ofis ɗin ba wannan matacciyar lambar suke kallo ba?

Za a yi ruwa…

Ɗakin ya yi duhu, ba ta lura ba. Ba magariba ba ce, la'asar ma ba ta daɗe ba. Labule yana tashi. Wannan ƙamshin — ƙasa, ƙura, dutse mai zafi da aka yayyafa wa ruwa. Hadari ne a kan Makka. Dama da safe an yi sallar roƙon ruwa, ta bi daga nan ɗaki, amin ɗinta har ya fi na liman ƙarfi. Ta roƙi hadari. Da bakinta. Yau.

Yara sun fito titi suna ihu. Motoci suna ta oda, masu rabo sun nufi Harami su yi ɗawafi a jiƙe. Garin nan in an yi ruwa kowa sai ya koma yaro. Sai dai na yau bai zo da wasa ba, ga shi yana dukan taga kamar da tsakuwa, ga shi ya fara gangarowa daga duwatsu, ja, ɗauke da ledoji da takalma.

"Ya Hajja Shatu!" Muryar Maimuna ce daga matakala. "Shanyarki tana sutuh, can rufin bene! Yalla, kafin iska ta kai ta Jidda! Allahumma hawalaina wa la alaina!"

Harshe ya karɓa da kansa, ya saba. Ya Allah kewaye da mu, ba a kanmu —

Ta datse.

Kewaye da mu. Har ina? Ina kewayen ya ƙare? Ta sani, ba mahaukaciya ba ce, malam ya ce tuddai ake nufi da kwaruruka da gindin itatuwa, kuma wannan gajimaren daban, wancan daban, tsakaninsu duniya guda. Ta sani. Amma tun zuwanta garin nan take kora hadari gaba, ya tafi can, can, wajen wasu, ba ta taɓa tambayar ɗan wa ke can ɗin ba.

Ta miƙe. Babu takalmi. Waya a hannu.

Matakala. Gwiwa tana ƙara. Nan ɗaya… nan biyu, saman ƙofarta… uku. Maimuna tana tsaye a ƙofar ɗakinta da bokiti, tana magana, bakinta yana motsi, Shatu ba ta jin komai, ta wuce ta. Har yanzu a ƙarƙashin ruwan take. Duk wannan hawan, duk wannan haki, igiyar tana nan sama da kanta. Huɗu. Biyar. Haka yaron yake ganinta? Bango baƙi yana tahowa, mai sanyin da ke tsayar da zuciya, wani yana biye da shi, wani yana biye —

Shida. Ƙofar rufin bene.

Iska ta fizge ƙofar daga hannunta. Zannuwanta sun nannaɗe a igiya, ɗaya ya riga ya tafi. Ruwa yana marin fuska. Can ƙasa hasumiyar agogo ta ɓace rabi cikin gajimare. Ta duba wayar, ɗigo ya rufe fuskar, ta goge da mayafi. Lambar azahar.

Ta ɗaga hannu. Nan, ya Rabbi. Nan Ka zubo shi. A kaina, duka, har da na can, ni dutse ne a ƙarƙashina. Ka sassauta wa… Ka tsare yaron nan. Wancan. Ka san wanda nake nufi.

Ya sani mana. Shi Ya sani.

Amma bakin Chadi. Kowa ya fito, kowa yana kira. Baba, kawunnai, matan unguwa, Sabi'u! Sabi'u! har muryoyi suka dishe. Inna kaɗai tana zaune a gindin bukka tana fere kifi, kanta a ƙasa, wuƙar tana tafiya a wuri ɗaya har ta kai ƙaya. Ɗan farinta ne. Aka yi ta yabon kunyarta shekara da shekaru. Muryar da zai iya ganewa cikin dubu, ita ce kaɗai ba ta shiga ruwan ba.

Yamma. Ta can rana ke faɗuwa, can yake. Ta juya. Ta buɗe baki, ruwa ya shiga, ta tofar. Harshen bai san hanya ba, bai taɓa bi ba.

"Ray…"

Tsawa ta haɗiye shi.

Ta kama igiyar shanya da hannu ɗaya. Ta ja numfashi har ƙasan ciki.

"Rayyan!"

Ashe haka yake a baki. Gajere ne. Ko nauyi babu. Duk shekarun nan…

"Rayyan!"

Maimuna ta iso ƙofa, bokitin ya suɓuce mata. Shatu ta sulale ta zauna cikin ruwan da ya taru, wayar a cinya, lambar ba ta motsa ba. Murya ta ƙare, leɓe ne kawai ke ci gaba. Na san sunanka, ɗan nan. Tun ranar suna na sani.