Goyon Aro

A wata na bakwai bayan aikin rage ƙiba, sikeli ya tsaya. Kowace Juma'a Ummulkhairi takan jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta cire ɗankwali da awarwaro, ta hau. Kilo ɗari da sha biyu. Wata Juma'ar ta zagayo, ɗari da sha uku.

Ba wai ta karya doka ba ne. Tun da likitan Alƙahira ya rage mata tumbi, cinta bai wuce na yaron da ake yayewa ba: cokali huɗu na faten wake, ƙwai ɗaya, ruwa kurɓi-kurɓi. Gashinta ya bi mataji. A gidan suna a Mandawari, in aka ajiye mata faranti sai ta taɓa ta rufe, mata su kalli juna. Duk ta shanye, don ta san abin da ya kai ta ƙarƙashin wuƙa. Ciki uku ta yi cikin shekara biyar, hawan jini da ciwon suga suka zubar da su. Na ƙarshen yana wata shida, har ta ga yatsunsa.

Likitan ya gindaya mata sharaɗi: kada ta ɗauki ciki sai bayan wata goma sha takwas, domin jikin da ke zaizayewa ba ya iya ciyar da ɗa. Ƙwayar hana ɗaukar ciki kuwa, bai amince cikinta zai riƙe ta ba. Da ta dawo Kano sai ta nufi sashen tazarar haihuwa na wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗauki biro.

"'Ya'ya nawa?"

"Babu."

Matar ta ajiye biron. "Baiwar Allah, mu masu neman hutu muke gani a nan. Ke da ba ki fara ba, gajiyar me kika yi? Ki zo da maigidan."

Nazeer, mijinta, mai sayar da zare ne a Ƙofar Wambai, kuma da yardarsa aka yi komai. Amma benci cikin mata, wannan ya ce a kai kasuwa. "Ban ajiye ko ɗaya ba, a gan ni a layin hana haihuwa? Kafin azahar 'yan layinmu sun raɗa mini suna." Shi ya kai ta kemis, aka yi mata allurar wata uku, da ta ƙare aka sake.

Ummulkhairi malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata a Gwale, ba ta karɓar "haka Allah ya so" sai ta gama tambaya. Ta rubuta wa likitan duk abin da take ci da wanda take sha. Amsarsa ta zo a gajarce. Allurar takan tayar wa wasu mata yunwa, ta riƙe musu jiki. Ba zai rantse ita ce ba, amma a canza. A sa mata robar mahaifa mai tagulla, wadda ba ta da sinadari. Kuma ta hanzarta, don watannin da jiki ke saurin sauka ƙididdigaggu ne, in sun wuce ba sa dawowa.

Roba kuwa ba a sa ta a kemis. Saura kwana goma sha biyu allurar ta ƙare.

Ranar Talata ta shiga gidan yayarta Bintu, ta same ta tana gyaran turaren wuta a tsakar gida, ɗanta Ari mai wata biyar yana kwance a tabarma.

"Yaya, aron Ari na zo, na rabin yini."

Bintu ta saurari bayanin har ƙarshe, ta riƙe haɓa. "Ke da digirinki, ki yi goyon ƙarya?"

"Digirin na kai musu, ba su iya karanta shi ba. Goyo suke karantawa."

Bintu ba ta yi dariya ba. Ta ba yaron nono ya ƙoshi, ta ɗora mata shi, ta ɗaure zanen da kanta, domin hannun Ummulkhairi bai san ɗaurin ba. Ɗumin yaron ya ratsa bayanta.

Wani asibitin ta zaɓa, can nesa da unguwarsu. A bakin taga aka tambaye ta 'ya'ya nawa, ta ce, "Ɗaya." Biro ya yi tafiyarsa, ba wanda ya nemi maigida. Ta zauna a benci da kati a hannu, takaici na cin ta: ashe abin da ya fi ƙarfin takardar likita bai fi ƙarfin zanen goyo ba.

Layin bai motsa ba har sha ɗaya. Ari ya farka, ya fara da ƙunƙuni, ya koma tsala ihu. Ta sauke shi, ta jijjiga, ta hura masa kunne. Shi kuwa sai cusa kai yake a ƙirjinta, yana lalube da baki.

"Haba uwar ɗa, ba shi mana!" in ji wata.

"'Yan boko ke nan. Kunyar nono a cikin mata?"

Ta ɗago za ta mayar da magana, sai idonta ya faɗa cikin na Husaina, maƙwabciyar surukarta, tana zaune a ƙarshen benci. Husaina ta kalli yaron, ta kalli katin, ta ce, "A'a, Ummu. Barka. Yaushe aka yi sunan ba mu ji ba?"

A lokacin aka kira lambarta.

Sista Asibi dattijuwa ce mai furfura a goshi. Ta miƙa yaron ga wata ma'aikaciya, ta ce wa Ummulkhairi ta hau gado. Ta ga ƙananan tabo biyar a cikinta. Ta duba ta, ta daɗe, sannan ta miƙe tsaye.

"Yaron nan ba ta nan ya fito ba."

"Ɗan yayata ne." Ummulkhairi ba ta kawar da ido ba. Ta faɗi komai a kwance: aikin, allurar, sikelin, da cikin nan na wata shida. "In kin ce in sauka, zan sauka. Gobe in ari wani yaron in tafi wani asibitin."

Sista Asibi ta yi tsaki, ba a san da wa take ba. "Da zafi fa, ga wadda ba ta yi haihuwar wata tara ba."

"Na sani."

Ba ta sani ba. Ta cije gefen mayafinta har ya jiƙe, tana jin kukan Ari ta bayan labule, ba ta bari nata ya fita ba.

Ta mayar wa Bintu ɗanta da la'asar, muryarsa ta dushe. Bintu ta karɓe shi ba ta ce sannu ba. Daga nan ta taka zuwa gida a hankali, mara na murɗa mata, bayanta ya yi sanyi inda yaron ya kwanta.

A tsakar gida ta tarar da Hajiya 'Yardada, uwar Nazeer, zaune kan kujera da mayafinta a kai, Husaina ta riga ta kai mata labari. Nazeer na tsaye a gefe, ya rufe shago tun kafin lokaci, idonsa a ƙasa.

"Shekara biyar ina yawon karɓo miki rubutu," in ji Hajiya. "Na sayar da mutuncina wajen kare ki. Ashe da ƙafarki kike zuwa ki toshe. Nazeer, da saninka?"

Ummulkhairi ta jira. Nazeer ya gyara hula, ya kalli rariya.

"Hajiya, ni dai asibiti ban taɓa raka ta ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

"To gobe ki je a cire," Hajiya ta ce, "ko ki kwana gidanku."

Ummulkhairi ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, duk da marar da ke yankarta. "Hajiya, na binne uku. Ba zan ba ki na huɗu a tsumma ba. Wata goma sha ɗaya suka rage, ba za a cire ba sai sun cika."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta haɗa magungunanta da kaya kala uku a jaka, ta fito ta wuce ta gaban mijinta. Bai ɗago ba.