Kazar Ɗantsoho

Zamanin yaƙin Damagaram da Kano, maɗori Barau ke riƙe da rumfar masu rauni a sansanin Dungas. In ya ɗaure karaya, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure. Ran da ta taka, mai ita ya warke, ya koma fagen daga.

Kazar Ɗantsoho maharbi ta fara takawa. Shi ko ba ya son komawa, sai ya gasa ta ya cinye.

Barau ya ga gashin kazar da aka fige, ya ce, "Samari, ku hura wuta. Abin da aka yi wa kaza shi ake yi wa mai ita."

Ɗantsoho ya zabura a guje, ya bar sandar da yake dogarawa. Barau ya ce a bi shi da kwari da bakansa, ya koma fagen daga. Ramin ƙarya ƙurarre ne.