Takalman Chindo a Bakin Rijiya

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, Lantana ta shiga takaba a Cadawa. Mijinta Chindo direban kamyon gyaɗa ne, daga rijiyar bayan gari aka tsamo shi. Ita ta fara isa wurin da tulunta, ita kaɗai ta ga takalmansa jere a bakin rijiya, hula bisa kansu, kamar na mai alwala. Ta cusa su cikin zane ta kama bakinta. Gari ya ce santsi ne, liman ya sallace shi, aka rufe. Mu da fari ya bi ta kanmu, yunwa ta bi, muna nan daram, mun san abin da ƙasa ta rufe ba a tona shi.

Ashe Chindo ya dangwala hannu a wani abu wai shi asiransi, ka mutu a biya iyalinka. Ciniki da ajali ke nan, tir! Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga wansa Ɗanbaba ya jawo wani ma'aikacin kamfanin asiransin daga Maradi, irin 'yan bokon da ake kira mushe da Faransanci, wuya ɗaure da ƙyalle, yana toshe hanci a ƙofar ɗakin mamaci.

Mushe ya ce, "Dokar kamfani ce. In faɗuwa ya yi, mu biya. In shi ya jefa kansa, bai cika shekara biyu da shiga ba, babu komi. Wadda ta fara gani ta dafa Alƙur'ani gaban mai gari, ta rantse faɗuwa ya yi. In ta ƙi, jandarma su bi gida gida da tambaya."

Ɗanbaba ya duƙa jikin asabari yana raɗa. "Matar ƙanena, dafawa ce kawai. Wa ya gani?"

"Allah ya gani, Yaya."

"To ki ce mi? 'Ya'yanki su tashi ana nuna su a kasuwa?"

Lantana ta auna maganar. Ta rantse bisa ƙarya, ba za ta iya ba. Ta faɗi gaskiya, Dija da Inusa sun zama 'ya'yan wanda ya kashe kansa har jikokinsu. Ga mutum biyu tsugune kan gawar mijinta kamar angulaye, ɗaya na son ci, ɗaya na son hanawa.

Daga bayan asabari ta ce, "Mushe, in mai haƙƙi ya ce ya yafe fa?"

Nan take fuskar mushe ta washe. "Shi ke nan, madam. Ba tambaya, ba jandarma."

"Na yafe. Ku tashi mini daga ƙofa."

Ɗanbaba ya bi shi har bakin mota yana kumfar baki, wai mace ba ta da hankali. Lantana ta ɗebo ruwa ta watsa inda suka tsuguna, ta bi da tsintsiya. Takalman da hular kuwa ta cusa su a murhu, ta ɗora tukunyar tuwon yara, ta zauna cikin warin fata har suka zama toka.