Fuskata a Bangon Gabas

Fuskata ta kai tsawon bene hawa uku. Sun rataye ta a bangon gabas na filin wasan Namhang, inda duk motar da ta fito daga tashar jiragen ruwa sai ta gan ta: ido a rufe, hannuwa biyu a haɗe ƙarƙashin haɓa, ruwan sama yana bin tamojin goshina. Kowane tamoji ƙaton mutum zai kwanta a ciki. A ƙasa an yi rubutu da manyan baƙaƙe. Ni ban yi makaranta ba, don haka na janyo Ok-bun, ƙawata mai sayar da ganyen teku a rumfar da ke jikin tawa, ta karanta mini.

"Cewa suka yi, 'Kaka tana jira. Ku jira tare da ita. Ku sabunta tikitinku na shekara.'"

"Wace kakar?"

"Ke mana, Uwar Gi-tae. Akwai wata mai irin wannan hancin a garin nan?"

Sunana Pyo Mal-sun, amma da sunan ɗana ake kirana, shekarata saba'in da ɗaya, kifi nake busarwa ina sayarwa a kasuwar bakin ruwa. Tun shekarar da kamfanin kifin gwangwani ya kafa ƙungiyar ƙwallon garinmu nake zama a layi na tara, bayan ragar kudu. Shekara talatin da shida ke nan. Na je da ciki, na je da goyo, na je sati uku bayan an binne mijina. Kofi ɗaya tak muka taɓa ɗagawa, shi ma yawancin waɗanda suka gani sun mutu.

An ɗauki hoton nan ne a wasan ƙarshe na bara, ranar da aka zura mana biyar a gida. A satin ne kuma muka ji sun sayar da Seok-ju, ɗan garin nan, shi kaɗai a cikin 'yan wasanmu ya san inda raga take. Kuɗinsa aka kwasa aka gina ɗakunan gilashi a saman fili, inda manya ke zama suna cin nama da bayansu ga wasa. Da na haɗa hannu na rufe ido, roƙo nake yi, ban musa ba. Roƙo nake haƙoran shugaban ƙungiyar su zube ɗaya bayan ɗaya, har ya kasa tauna dafaffen kifi. Ina tsakiyar haƙoran ƙasa ne kyamara ta same ni.

Mai sharhin talabijin, wai har muryarsa na rawa, ya ce a dubi wannan uwa, ita ce zuciyar Namhang, ba ta fushi, ba ta zagi, jira kawai take yi. Kafin sati ya zagayo sun raɗa mini Kakar Haƙuri. Da bazara ta zo suka ƙara kuɗin tikiti, suka rataye ni a bango ina taya su talla. Ba wanda ya tambaye ni. Kuma daga nan, duk wasan gida, idan an kai minti na saba'in, sai kyamara ta nemo ni ta ɗora a babban allo, mai sanarwa ya ce a tafa wa Kaka.

Da farko an tafa. Da muka sha kashi sau huɗu a jere, tafin ya ƙare.

Samarin nan masu ganga da tuta a layin gaba ne suka fara. Ina hawa matakala da ƙunshin shinkafata, ɗaya ya waiwayo.

"Kaka, a wata ake biyan ki ko a kowane wasa?"

"Uwarka za ka tambaya, ita ke karɓo mini."

Suka yi dariya, amma ba irin dariyar da ba. Wannan bai dame ni ba sosai, yara ne. Abin da ya dame ni Tsoho Bang ne, tsohon mai walda a ma'aikatar jiragen ruwa, wanda kujerarsa ke hannun damana tun gashinsa na baƙi. A layinmu kofi ɗaya ne na giyar shinkafa, shi ke zubawa lokacin hutu, ya bi layi daga hannu zuwa hannu. Ranar ya zuba, ya miƙa hannunsa ta gaban hancina, ya ba Ok-bun.

"Bang, makancewa ka yi?"

"Ina gani sarai. Ai ba wanda zai ce bai gan ki ba, hawa uku." Bai dube ni ba. "Mun tara sa hannun mutum dubu biyu a kori shugaban nan. Ka je ofis su nuna maka bango, su ce ga masoyan gaskiya can, su ba sa ƙorafi. Ki sha naki a gidansu."

Kashegari na rufe rumfa na tafi ofishin ƙungiya. Suka bar ni awa guda a kan kujera kafin wani Manaja Yeom ya fito, yaro mai laushin murya da farin hannu. Ya sunkuya har ƙasa, ya kawo shayi.

"Inna, ai ke ce abin alfaharinmu."

"Ku sauke ni daga bango."

Ya yi murmushi, ya ɗauko tikiti, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan layuka kamar ƙwan kifi. Wai duk wanda ya shiga fili ya yarda a ɗauki hotonsa a yi amfani da shi. Wai a nan aka rubuta.

"Ni ban iya karatu ba."

"Ayya. Amma dai a rubuce yake, Inna." Ya gyara zama. "Shugaba da kansa ya ce a ba ki kujera a ɗakin gilashi, kyauta, har ƙarshen rayuwarki. Akwai ɗumi, akwai abinci."

"Ka san abin da nake roƙa wa shugaban naka a hoton nan?"

Na gaya masa, haƙori bayan haƙori. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce shi ya sa kowa ke son Kaka. Ya rako ni bakin ƙofa da tawul mai tambarin ƙungiya. Da tawul ɗin nake goge wuƙar kifi yanzu.

Ok-bun ta ce tunda talabijin ce ta ɗaura, ita za ta kwance. Ta kira tashar ta wayarta. Ba su ɓata lokaci ba, suka turo wata yarinya mai suna Ha da mai kyamara har rumfata. Minti ashirin ina magana. Na faɗi zancen Seok-ju, na faɗi ɗakunan gilashi, na faɗi yadda wasannin waje yanzu sai mai babbar waya da katin banki ke gani, mu tsofaffi sai dai mu tambayi direban tasi nawa aka ci mu. Na ce ni ba mai haƙuri ba ce, ban taɓa zama ba, a tambayi mijina in da yana raye. Yarinyar tana ta gyaɗa kai. A ƙarshe ta ce, "Amma Kaka, duk da haka kina son ƙungiyar, ko?"

"Shekara talatin da shida. In ba so ba, me zai zaunar da ni a cikin ruwa?"

Ranar Alhamis da yamma aka nuna. Duk layin kifi muka taru gaban talabijin ɗin mai shagon miya. Sai ga ni ina juya kifi a kan raga, ana kiɗa mai taushi, sai ga bakina: shekara talatin da shida, in ba so ba, me zai zaunar da ni a cikin ruwa. Shi ke nan. Aka shiga hasashen yanayi.

Mai shagon miya ta rage murya, ta koma kan tukunyarta.

Na kwana biyu ina tunani. Abin da na gane shi ne, duk abin da na faɗa da baki za su iya yanka shi kamar yadda nake yanka kifi, su jefar da kai da hanji su ɗauki tsokar da suke so. Sai abin da ba ya yankuwa. Minti na saba'in kai tsaye ake nuna shi, ƙasa gaba ɗaya na gani. Kuma ranar Lahadi da Hwajin za mu buga.

Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane ba. Garin Hwajin awa biyu ne a mota, 'yan wasansu masu baƙar riga ne. Ubana bai taɓa cin kifin da jirgin Hwajin ya kamo ba. Shekara goma sha ɗaya rabon da mu ci su a gida.

Na hau motar safe na je har shagon ƙungiyarsu, na nuna baƙar rigar. Yarinyar kanti ta tambaya ko wa jika zan saya.

"Ni zan sa."

"Kai, Kaka, madalla. Tun yaushe kike goyon bayanmu?"

"Ki naɗe kawai."

A hanyar dawowa ban yarda ledar ta taɓa cinyata ba, a ƙasa na ajiye ta tsakanin ƙafafuna.

Ranar Lahadi na sa ta a ƙarƙashin rigar sanyi, na ja zip har wuya, ga rana tana duka. Ok-bun ta ce ko zazzaɓi nake. Na ce ta kula da ƙwallo. Hwajin suka ci ɗaya tun kafin hutu, kamar yadda kowa ya sani za su ci. Bang ya zuba giya, kofi ya wuce ta gabana. Na zauna ina zufa, ina kallon agogon allo.

Minti saba'in. Muryar mai sanarwa ta cika fili: "Jama'ar Namhang, ga Kakarmu." Na ga kaina a allo, ƙatuwa. Na miƙe. Na ja zip ɗin ƙasa. Na tuɓe rigar sanyi na yar, na tsaya da baƙar riga, na buga ƙirji a kan tambarinsu don kada wani ya ce bai gani ba.

Ban taɓa jin filin nan ya yi shiru haka ba. Mai kyamara ya daskare, ya bar ni a allo har na ƙirga shida kafin a ɗauke. Can ɗaya gefen 'yan Hwajin suka ɓarke da shewa, suna kiran Kaka, Kaka. Namu suka fara fito. Wani ya jefo robar ruwa ta sami kafaɗata. Ok-bun ta rufe fuska da hannu. Masu tsaro biyu suka hauro, amma ba wanda ya so a nuna shi yana jan tsohuwa, sai suka tsaya a kaina, ɗaya nan ɗaya nan. Na zauna.

Minti na saba'in da takwas muka farke. Bugun kusurwa, wani dogon ɗan baya da na shekara biyu ina zagi ya sa kai. Layi na tara ya tashi sama. Ƙafafuna suka fara miƙewa da kansu, na danne su. Kyamara tana nan, na san tana nan, jira take in yi tsalle ɗaya su ce ashe wasa Kaka take yi. Na cusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Ana saura minti ɗaya muka ci na biyu. Yaro ɗan shekara goma sha tara, daga wajen da'ira, ƙwallon ta daki ƙarfe ta shige. Bang, mai ciwon gwiwa, yana kan kujera yana kuka. Ok-bun ta rungume mai tsaron da ke kaina. Mutum dubu tara suna rera waƙar da na iya tun kafin a haifi rabinsu, ni kuma ina zaune da baƙar riga, haƙorana a cije, har aka busa tashi.

Ranar Talata aka sauke ni. Na rufe rumfa na je na tsaya a tsallaken titi. Mutum uku a kan doguwar mota suka kwance igiyoyi, goshina ya fara naɗowa, sai ido, sai hanci. Da ta faɗo na tsallaka na ce su ba ni, leda ce mai kauri, za ta rufe mini kifi in ana ruwa. Babbansu ya dube ni, ya dubi abin da ke ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Yi haƙuri, Inna. Kayan kamfani ne."

Suka naɗe suka jefa a bayan mota.

Da na juyo sai ga Bang a bakin tashar bas, da sandarsa, shi ma kallo ya zo. Na nufe shi.

"To, ka gani," na ce. "Ba biyana ake yi ba."

"Na gani. Kowa ya gani." Ya goge baki. "Yaran gaba sun ce kada ki ƙara hawa matakalar kudu. Sun ce gara wadda aka saya da wadda ta sa baƙi."

"Kai fa me ka ce?"

Ya dubi bangon, inda siminti ya fi sauran haske.

"Da kin bari sai ranar da aka ci mu, Uwar Gi-tae."

"Shekara goma sha ɗaya ana cin mu. Ina zan san ranar za su zaɓa?"

Bas ɗinsa ta zo. Ya hau a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wasan gaba ranar Asabar ne da ƙarfe biyu, tikitina na shekara yana cikin lalitata, kuma har yanzu ban san inda zan zauna ba.